Kotu a cikin aji: yadda nake koya wa 'yan SS2 shari'a da aikin juri

Duk malamin da ke koyar da Gwamnati ko Sibik a babbar sakandare ya san inda darasi ke cijewa. Majalisa da ɓangaren zartarwa ba su da wuya, domin kowane yaro ya san sunan gwamna, ya kuma san ɗan majalisar yankinsu, ko da a fosta ya gan shi. Amma da an zo kan kotu sai aji ya yi tsit. Abin da yawancinsu suka sani bai wuce na fim ba, sai addu'ar da suke ji a gida: Allah ya raba mu da shiga kotu. Na daɗe ina koyar da 'yan SS2 a cikin birnin Katsina, ga kuma hanyar da nake bi, ko wani malami zai tsinci abin da zai yi masa amfani. Idan kana shiga ajin sau biyu a mako, ka ware kamar mako huɗu.

Kada ka fara da zana jadawalin kotuna a allo. Fara da tambaya: wani ya ci bashin mahaifinka ya ƙi biya, ina za ku kai ƙara? Za su ce wurin mai unguwa, wurin dagaci, wurin hakimi, Hisba, 'yan sanda. Kotu takan zo a ƙarshe, ita ma daga bakin yaro ɗaya ko biyu. Rubuta duka, sannan ka tambaya: a cikin waɗannan wa ke da ikon yanke wa mutum hukuncin ɗauri? Da yawa za su ce DPO. A nan za ka buɗe Kundin Tsarin Mulki na 1999 ka karanta masu sashe na 35, wanda ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan ta fi haka nisa. Ka bar su su lissafa da kansu ko akwai ofishin 'yan sanda a cikin garin Katsina da ya kai kilomita 40 daga kotu. Wannan lissafin kaɗai yakan tayar da masu barci a bencin baya.

Aikin gida na ranar farko mai sauƙi ne: kowa ya tambayi tsoho a gidansu yadda ake shari'a a da. Za su dawo da labarin alƙali da muhutinsa, da dogarai, da kotun Sarki, da zamanin da kotuna ke hannun En'e kafin gwamnatin soja ta karɓe su a ƙarshen shekarun 1960. Waɗanda suka fito daga Unguwar Alƙali sukan zo da abin da ya fi na kowa, wani lokaci ni ma a bakinsu nake jin sabon abu.

Hawa-hawan kotuna

Sai a zama na biyu nake zana kotunan, kuma ina zana su ne kamar tsani biyu da suka haɗe a sama. Na farko ya taso daga kotun majistare zuwa Babbar Kotun Jiha. Na biyu ya taso daga kotun shari'a, zuwa babbar kotun shari'a, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da Girandi Kadi ke shugabanta. Sashe na 277 ya ba wannan kotu hurumi a kan aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Daga nan duka biyun sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, inda alƙalai aƙalla uku ke zama, sai Kotun Ƙoli a Abuja, inda biyar ke zama, bakwai idan maganar fassara Tsarin Mulki ce. Kafin 1963 ƙara takan wuce Najeriya har Landan; daga shekarar da muka zama jamhuriya Kotun Ƙoli ta zama ƙarshen hanya. Babbar Kotun Tarayya da kotun ma'aikata da kotun sauraren ƙarar zaɓe ina ambatarsu ne a gefe, ba na daɗewa a kansu. Ta zaɓe ma sun riga sun san ta.

Zane ba ya zama a kai sai an ɗora masa shari'a ta gaske, kuma muna da ita a jiharmu. A Maris ɗin 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa wata mata hukuncin rajamu. Babbar kotun shari'a ta Funtua ta tabbatar da shi a watan Agusta na shekarar. A Satumbar 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a nan Katsina ta soke hukuncin, alƙalai huɗu cikin biyar suka goyi bayan sokewar. Ba na shiga cikin laifin da aka tuhume ta da shi, ba shi ne darasin ba. Abin da nake so su gani shi ne alƙalai sun duba aikin alƙalai, da littattafan fiƙihun Malikiyya a gabansu, suka ce an yi kuskure. Yaron da ya fahimci wannan ya fahimci ɗaukaka ƙara, ba sai ya haddace ma'anarta ba.

Ka kuma gaya masu cewa mutanen gida sun hau har saman tsanin nan. Mai Shari'a Mohammed Bello, ɗan Katsina, shi ne Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995. Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, haka ma Mai Shari'a Umaru Abdullahi, Walin Hausa. Idan akwai 'yan mata a ajin, kada ka tsallake Mai Shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalai, a 2012.

Juri, wanda ba mu da shi

Ka faɗa masu tun farko, ba ɓoye-ɓoye: a kotunan Najeriya na yau babu juri. An yi shi a Legas tun zamanin Turawa, daga baya aka soke. A wurinmu alƙali shi ke auna shaida, shi ke fassara doka, shi ke yanke hukunci. A Amurka da Ingila kuwa, a manyan laifuka, ana raba aikin gida biyu. Alƙali yana kula da doka: wace shaida ce ta halatta a ji, me doka ta ce game da laifin. Talakawan gari goma sha biyu, wato juri, waɗanda yawanci ba su karanci shari'a ba, su ne za su amsa tambaya guda: shin an tabbatar mutumin nan ya aikata?

Yadda ake samo su yakan ba ɗalibai mamaki. A Ingila daga rajistar masu zaɓe ake tsamo sunaye ba tare da duba ko wane ne ba, daga ɗan shekara 18 zuwa 75, kuma wanda ya ƙi amsa kira ba da uzuri ba ana iya cin tararsa har fam 1,000. A Amurka ana haɗawa da jerin masu lasisin tuƙi, kotunan tarayya suna biyan dala 50 a rana, kuma kafin a zaunar da mutum sai an yi masa tambayoyi don a gane ko yana da alaƙa da shari'ar ko ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa. A Amurka sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a kama mutum da babban laifi. Idan suka kasa, shari'ar ta watse, mai gabatar da ƙara na iya sake ta a gaban wasu. Ingila tun 1967 tana karɓar goma cikin goma sha biyu idan an daɗe ba a daidaita ba. Ba a ƙasar Turawa kaɗai ake yi ba: a Ghana mutum bakwai ke zama a shari'ar kisan kai.

Labari biyu nake ba su, ɗaya bayan ɗaya, ba na yin sharhi a tsakani. A 1670 a Landan an gurfanar da William Penn saboda ya tara jama'a ya yi wa'azi a titi. 'Yan juri suka ƙi kama shi da laifin da kotu ke so. Aka kulle su kwana biyu ba ci ba sha, suka ƙi sauyawa, aka ci su tara. Ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, ya ƙi biya, ya kai ƙara, kotu ta yanke cewa ba a hukunta ɗan juri saboda hukuncin da ya bayar. Na biyu kuma a Misisipi ta Amurka ne, a 1955: aka kashe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 14, Emmett Till, juri na farar fata zalla ya wanke mutum biyun da ake tuhuma cikin kusan awa ɗaya, daga baya su da kansu suka amsa wa wata mujalla cewa su suka kashe shi. Ka tsaya a nan ka bar ajin da labaran biyu har zama na gaba.

Wani abokin aiki ya taɓa tambayata amfanin ɓata lokaci a kan abin da ba ma yi, alhali ga WAEC da NECO na tafe. Amsata ita ce ban san wata hanya da ta fi wannan sa yaro ya ji nauyin kalmar “an tabbatar” a jikinsa ba. Alƙali ɗaya ne a zauren kotu, don haka yaro ɗaya ne zai iya hawa kujerarsa. Juri kuwa yana ɗaukar rabin aji.

Zaman kotun aji

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ya fi cin shiri. Ka rubuta shari'ar da kanka, ta zama daga rayuwar da suka sani. Wadda nake amfani da ita ta sace waya ce. Wani ɗalibi ya kai wayarsa wurin mai caji da la'asar, aka ba shi kati mai lamba. Bayan magariba ya dawo ba kati, ya ce katin ya faɗi, mai caji ya ce ai wani yaro ya riga ya zo da katin ya karɓi wayar. Bayan kwana uku aka ga wani maƙwabcinsu da waya iri ɗaya, aka kama shi.

Shaidu huɗu nake rubutawa, kowanne a takardarsa, kuma ba wanda ke ganin ta wani. Mai caji ya ce wanda ake tuhuma shi ne yaron da ya karɓi wayar, amma idan aka matsa masa zai amsa cewa lokacin an ɗauke wuta, janareta bai riga ya tashi ba, ga mutane cunkushe a bakin shagon. Abokin mai waya ya ce kowa a unguwa ya san halin yaron, shi kuma an gaya masa an gan shi a wurin. Ɗan sanda ya kawo takardar amsa laifi da aka rubuta da Turanci, wanda ake tuhuma ya ce dangwala hannu kawai aka sa shi ya yi, ba a karanta masa ba. Shi kuma wanda ake tuhuma ya ce ya sayi tasa wayar a hannun wani ɗan kasuwa, ba shi da rasit. Mai waya ya yar da kwalinta, don haka ba wanda zai iya gwada lambar jikinta. Ka lura, shari'ar ba ta karkata sosai ga kowane ɓangare ba. Idan ka rubuta ta yadda amsa ta fito fili, ka kashe darasin.

Wajen rabon aiki akwai abu ɗaya da ba na sassauci a kai: kada ka ba yaron da aka saba tsokana, ko wanda aka taɓa zargi da ɗauke-ɗauke, matsayin wanda ake tuhuma. Sunan zai bi shi har ya gama makaranta. Ka ba wanda ajin ke so, mai baki, wanda zai mayar da abin raha idan an tashi. Lauyoyi bibbiyu a kowane ɓangare, rajistara ɗaya, ɗan sandan kotu ɗaya wanda zai daka tsawar “Kotu!” a miƙe, tafinta ɗaya. Ina sa tafinta da gangan, domin sashe na 36 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a yi masa tafinta kyauta idan bai jin harshen kotu, kuma sai sun ga yadda magana ke canza kama tsakanin Hausa da Turanci suke gane muhimmancinsa. Alƙali a karon farko kai ne.

Ajinmu ba ya kasa yara saba'in, don haka juri uku nake kafawa, kowanne mutum goma sha biyu, da ƙuri'a. Kafin su zauna lauyoyi su tambaye su: kai abokin wanda ake tuhuma ne? An taɓa sace maka waya? Kusan rabi za su ɗaga hannu a tambaya ta biyu, sai a yi gardama a kan ko wanda aka taɓa yi wa sata zai iya adalci. Ka bar gardamar ta ɗan yi zafi. Ragowar ajin su ne jama'ar gari da 'yan jarida, kowane ɗan jarida zai kawo rahoton rabin shafi.

Kafin a kira shaida ta farko, rajistara ya karanta tuhuma, sannan ka sa kowa a ajin ya rubuta a 'yar takarda: ya sata, ko bai sata ba. Ka tattara ka ajiye a aljihu, kada ka ƙirga tukuna.

Ƙa'idojin da za ka bayar kaɗan ne. Wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar, haka sashe na 36 ya ce, kuma nauyin tabbatarwa yana wuyan mai gabatar da ƙara, har sai ba sauran shakka mai tushe. A nan nakan tsaya in ce su kawo mini hadisi na 33 a Arba'una, sai ka ji rabin aji sun ɗauka tare: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Sun san shi tun Islamiyya, ba su dai taɓa haɗa shi da littafin Gwamnati ba. Ƙa'ida ta biyu, shaida ya faɗi abin da ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa; da ya ce “an ce”, lauya ya miƙe ya ce “Ya Mai Shari'a, ban yarda ba.” Ta uku, kowane shaida sai ɗaya ɓangaren ya yi masa tambayoyi. Kafin a rufe, ka tambayi wanda ake tuhuma ko yana da sauran magana, ka kuma gaya masu cewa wannan shi ne izarin da alƙalan kotun shari'a ke yi kafin hukunci. Ka tuna masu kuma cewa a ƙarƙashin Dokar Shaida ta 2011, wanda ya kai shekara 14 da rantsuwa yake ba da shaida a gaban majistare ko babbar kotu, wato su ɗin nan da ke zaune.

Sauraren shari'a yakan cinye zama ɗaya cif. A zama na gaba ka fitar da juri ukun waje, kowanne gindin bishiyarsa, nesa da juna, minti ashirin. Su zaɓi shugaba da kansu, amma ba monita ba, in ba haka ba abin da ya faɗa shi za a bi. Su fara da ƙuri'ar sirri kafin kowa ya buɗe baki. Kai kuma ka riƙa zagayawa kana saurare, ka kame bakinka ko da ka ji ana tafka shirme. Za ka ji mai cewa “wallahi Malam fuskarsa ma ta nuna”, za ka ji wata yarinya da ba ta taɓa magana a aji ba ta tsaya kai da fata cewa mai caji bai ga kowa ba a cikin duhu. Idan makarantar a haɗe take kuma ka san 'yan matan ba za su sake a gaban maza ba, ka yi masu juri nasu daban. Na fi son a ji muryarsu a kan a ce an cakuɗa.

Sau da yawa hukuncin ukun ba ya zuwa ɗaya: wannan ya kama, wancan ya sallama, na uku ya kasa daidaitawa. Sai ka fito da takardun da ke aljihunka a ƙirga a gaban kowa. Yawanci mafi rinjaye sun rubuta “ya sata” tun kafin su ji shaida ko ɗaya. Ka tambayi waɗanda suka sauya abin da ya sauya su. Ka tambayi waɗanda suka sallame shi ko sun yi imani bai sata ba. Da yawa za su ce a'a, suna zarginsa har yanzu, ba a dai tabbatar ba ne. Daga nan nakan kawo maganar abin da ke faruwa idan aka yi ihun “ɓarawo!” a kasuwa ko a tasha, in tambaye su wace shaida ake ji kafin a ɗauki dutse. Ba na yin wa'azi a kai. Su ke magana, ni ina nuna wanda zai karɓa.

Za su dame ka da tambayar wa ya saci wayar a gaskiya. Ka ce ba ka rubuta wannan ba.

Ziyara da sauran ƙananan abubuwa

Idan hali ya yi, ka kai su kotu ta gaske. Shugaban makaranta ya rubuta wa rajistara takarda, ka je da kanka ku tsayar da rana, ka roƙe shi ya zaɓa maku ranar da ba shari'ar fyaɗe ko ta ƙananan yara. Kotun majistare ko kotun shari'a ta fi babbar kotu dacewa, domin a safiya ɗaya za su ga ƙararraki da yawa, a kotun shari'a kuma da Hausa ake yi, za su ji ana “Allah gafarta Malam” su bi komai. Yara ashirin sun isa a tafiya ɗaya. A kashe waya, ba hoto, a miƙe idan alƙali ya shigo. Ka shirya zuciyarsu tun a mota cewa abin da za su fi ji shi ne an ɗage zama, ka ce kowa ya rubuta dalilin kowace ɗagewa: lauya bai zo ba, shaida bai zo ba, ba a kawo wanda ake tuhuma daga gidan gyaran hali ba.

Idan ziyara ba ta yiwu ba, ka gayyato lauya daga ƙungiyar lauyoyi reshen Katsina, ko daga Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko ɗalibin shari'a daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Ka hana shi lacca. Yara su rubuta tambayoyi, shi ya amsa. Abin da suke tambaya kusan ɗaya ne kowace shekara: da gaske beli kyauta ne, me zai faru idan mutum ya ƙi amsa sammaci, ana iya kama uba a madadin ɗansa. Wannan ta ƙarshe Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana ta ƙarara, kuma gara su ji daga bakin lauya.

Gwajin ƙarshe shafi ɗaya ne: ya kamata Najeriya ta dawo da juri, ko a'a? Ba na ba da maki don ɓangaren da yaro ya ɗauka, sai don dalilansa, kuma dole ya kawo misali daga zaman kotun aji da ɗaya daga labaran nan biyu na Landan da Misisipi. Mafi kyawun amsoshi sukan taɓo abin da littafi bai faɗa ba, kamar yadda za a sami mutum goma sha biyu a ƙauye ɗaya da ba dangin mai ƙara ko surukan wanda ake ƙara ba, ko wanda zai tsare lafiyarsu idan ɗan bindiga ne a gaban kotu.

Ka adana takardun shaidun don baɗi, amma ka canza abu ɗaya ko biyu a ciki, misali ka ba wanda ake tuhuma rasit mai kwanan watan da bai dace ba, ko ka dawo da wuta a shagon mai caji. 'Yan SS3 za su riga su ba ƙannensu labarin komai tun kafin ka shiga aji.